Rai na Uku

Ina da kwana tara a duniya
aka sa sunana a takardar haya.
Ubana Jurrian shi ne rai na fari,
yayana Wessel na biyu,
ni Tryntje, da cibiyata ba ta ko faɗi ba, na cike ukun.
Aka ce gonar Claverack tamu ce
muddin ɗayanmu yana numfashi.

Gona? Kurmi baba ya tarar,
itatuwan da mutum uku ba sa rungumewa.
Shekara goma sha ɗaya yana kokawa da kututture
har bayansa ya lanƙwashe kamar lauje.
Duwatsun da garma ta tono, inna ta jera su katanga,
daga bakin rafi har gindin tudu.
Rijiya gaba tara.
Tuffa ɗari, don takarda ta ce ɗari,
sanyi ya kashe talatin, muka sake dasawa.

Duk shekara, ƙanƙara na kan hanya,
mu kai wa mai ƙasa buhunan alkama
da kaji huɗu masu ƙiba,
da yini guda na amalankenmu da shanunmu.
Shi kuwa bai taɓa taka kunyarmu ba.
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Baba ya tafi da kaka.
Wessel, kogin Hudson ya cinye shi a gaban idona,
kafin a gama jana'iza akawu ya soke sunansa.
Saura ni.

An yi yaƙi. An ce sarkin Ingila ya fita daga ƙasar nan,
aka buga ƙararrawa, maza suka sha suka bugu.
Washegari na buɗe akwati,
takardar tana nan, ko wasali bai goge ba.

Yanzu shekarata saba'in da takwas.
In na yi tari, cokula su tsaya a baki.
Jikata Annatje tana laɓowa da dare
ta kara madubi a hancina,
ni kuma in yi kamar ina barci.
Ba na jin haushi. Ƙauna ce, da tsoro a cikinta,
rufin ɗakin nan a haƙarƙarina yake tsaye.

Barent ya je kotu da lissafi a hannu:
katanga kaza, rumbu kaza, gumin mutum tara.
Aka ce masa abin da aka dasa a ƙasa
na ƙasa ne, ƙasa kuwa tana da mai ita.
Ya dawo yana zancen yamma,
wai can akwai dajin da ba na kowa ba.

Na kira shi, na zazzage masa tsohon gwangwani.
Kawunan kibiya ne na dutse, arba'in da wani abu,
waɗanda garmarmu ta tono tun ina yarinya.
Na ce, mutanen Mahikan sun shuka masara a nan
kafin a san sunan kakanka,
su ko rai ɗaya ba a rubuta musu ba.
Ka je yamman, amma ka riƙa duba abin da garma ke fitarwa.
Ya yi shiru. Ban san ko ya ji ba.

Gobe akawu zai zo duba ni, kamar kullum in ganye ya zube,
ya cire hula, ya tambayi lafiya
da muryar mai jiran gawa.
Zai same ni a bayan gida, zaune a kan dutse,
ina ɗaura reshen tuffa a jikin wata ƙaramar bishiya
da ba za ta yi 'ya'ya ba sai bayan shekara bakwai.

Annatje, ƙaro mini miya.
Ba yunwa nake ji ba.
Haya nake biya.